Gadar da Malam Nata'ala Ya Yi wa Rufi

Idan ka taɓa zama a Limawa ta cikin Dutse ba ka san Malam Nata'ala ba, to kunnenka ne ke da matsala, don shi ba a ganinsa kafin a ji shi. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya kama sabuwar sana'a ta gyara wa mutane labarinsu. Ka ce ka je Kafin Hausa, ya ce shi tun ba a zuba kwalta ba yake zuwa. Ka ce ka sayi akuya, ya duba haƙoranta ya ce an yi maka sakiyar da ba ruwa. Haka majalisar ƙofar shagon tela take fama da shi, sai kuma Allah ya tashi jarraba su, ya kai shi Turai.

Ba wani abu ya kai shi ba, rakiya ce. 'Yarsa Mashkura, wadda ke auren wani likita a ƙasar Suwizalan, ta haihu, aka aiko mahaifiyarta Iyatu ta je ta kula da jego. Iyatu ta ce ita ko da wasa ba ta hawa jirgi ita kaɗai, shi ne aka ce Malam ya raka ta. Da suka sauka sanyi ya yi masa sallama, ya naɗe cikin bargo ya liƙe wa abin ɗumama ɗaki, ko taga ba ya leƙawa. Sau ɗaya tak surukin nasa ya lallaɓa shi ya kai shi tsakiyar tsohon birnin da suke zaune, ya tsallaka da shi wata tsohuwar gada.

Gadar kam abin kallo ce. Ta katako ce tun daga ƙafa har kai, ta yi shekaru ɗaruruwa, an yi mata rufi kamar doguwar rumfa. Gefe da gefe furanni ne, cikin rufin an jera zane-zanen tarihin garin, ƙasa kuwa kogi ne da waɗansu fararen agwagi masu dogon wuya suna ta iyayi. Malam Nata'ala ya damƙe hannun surukinsa gam, katako na ƙara yana salati, har suka kai ƙetare. Nan ya tsaya aka ɗauke shi hoto, ya ce a mayar da shi gida kunnuwansa sun mutu.

Amma ka zo Limawa ka ji labarin!

"Ni da gadar nan mun fahimci juna," in ji shi, yana gyara zaman hula. "Ina ƙwanƙwasa katakon nan, Turawa suka yi cirko-cirko. Suka gane masani ya zo. Wallahi kafin in kai ƙarshenta na gama gano sirrinta kaf."

Aka ji da safe, aka ji da yamma, aka ji a wurin suna, aka ji a zaman makoki. Ran nan Kamilu mai tsire ya gaji, ya ce, "Malam, kallo fa kowa ya iya. Mu da ba mu da jirgi, a yi mana irinta mu taka mana."

Majalisa ta kwashe da dariya. Malam ya miƙe tsaye, ya nuna Kamilu da carbi. "Kai yaro, kafin ruwan farko ya sauka za ka taka ta da wannan ƙafar taka mai faso."

To, akwai wani kwazazzabo a bayan unguwar. Ba ruwa a cikinsa sai ranar da aka yi ruwan sama, shi ma ya wuce kafin a gama shan shayi. Mutane gangarawa suke su haura, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Nan Malam ya zaɓa. Saura kayan aiki, su kuwa ga su jibge a tsakar gidansa: bandir-bandir na sabon kwano, da katako, da azara. Surukinsa ne ya saya don a rufe sabon ɗakin da aka gina, saboda Mashkura za ta zo gida farkon damina ta nuna wa dangi jaririn. Ɗakin nan shi ne ran Iyatu. Ita ta tsaya aka yi masa daɓe, ita ta zaɓi labule, kullum sai ta share shi ko da yake sama ce rufinsa.

Iyatu na tafiya biki Kafin Hausa, Malam ya kira amalanke.

Da ta dawo ta tsaya a tsakar gida da jakarta a hannu, ta dubi inda kayan suke, ba komai sai sawun taya.

"Malam, ina kwanon ɗakin Mashkura?"

"Aro na bayar."

"Wa ka ara wa?"

"Al'umma."

"Al'ummar ce za ta kwana da jariri?"

"Ke Iyatu, ba ki da hangen nesa. Ranar da aka buɗe gadar nan manya za su zo, su gani, su ce a yi musu irinta a kowace ƙaramar hukuma. Ɗaki ɗaya kike magana? Bene zan ɗora miki."

Iyatu ta ajiye jakar a hankali. "Ni ban nemi bene ba. 'Yata ba za ta baro wata uwa duniya da ɗanyen goyo ta tarar da taurari a ɗakinta ba. Ka ji na faɗa maka."

"Na ji," in ji shi, amma ƙafarsa ɗaya tana zaure.

Wanda aka ba aikin shi ne Yahuza kafinta, gwanin benci da akurkin kaji. Ya nemi ya ga hoton gadar. Malam ya miƙa masa waya. Yahuza ya juya ta nan, ya juya ta can. Fuskar Malam ce ta cika hoton, da hular sanyi har gira, sai ɗan gefen rufi a saman kunnensa na hagu.

"Baba, ina ƙafafun gadar?"

"Suna bayan kafaɗata."

"To yaya aka kafa su?"

"Yadda ake kafa ƙafa mana! Haba Injiniya, kai ma sai an koya maka?"

Tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa ce wa Yahuza Injiniya. Nan take ya soke fensir a bayan kunne, ya ce aikin ma ba wani aiki ba ne. Aka shiga buga ƙusa ba ji ba gani. Da azara ta gaza, aka yi mata ƙari. Da ɓangarorin biyu suka taho suka ƙi haɗuwa a tsakiya, aka karkato su da ƙarfin tsiya, gada ta fito da gwiwa. Malam ya yi tsalle ya ce wallahi ta can ma haka take da lanƙwasa, wannan ai ilhama ce.

Sai ado. Ya jera furanni a gwangwanayen madara, awakin unguwa suka yi masa godiya, kafin azahar sai gwangwani. Maimakon zanen tarihin gari, ya sa aka wanko hotunansa manya-manya aka rataye a cikin rufin: ga Malam a filin jirgi, ga Malam cikin bargo, ga Malam riƙe da cokali mai yatsu. Ya aro agwagin maƙwabciyarsu Bilki ya zuba a ƙarƙashi. Agwagi suka dubi busasshen yashi, suka dubi Malam, suka jera layi suka koma gida.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce rufin.

Lokacin bazara ne, duwatsun Dutse sun ɗauki zafi suna mayar wa mutane. Ga kuma inuwa sabuwa fil, iska na shigowa ta gefe, tana kuma busowa ta ƙasa tsakanin katako. Wani tsoho ne ya fara. Ya taho zai wuce, ya kai tsakiya, ya tsaya, ya ce "Alhamdu lillahi," ya zauna. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi. Washegari tela ya kawo kekensa, wanzami ya kawo kujerarsa, mai shayi ya kafa tebur, 'yan acaɓa suka mayar da bakin gadar tasha. Kamilu ya jawo tukubarsa har gindin katakon farko.

Malam ya iso yana haki. "Kai! Kai jama'a! Wucewa ake yi! Gada ce!"

"Mu wuce ina, Malam?" in ji Kamilu yana fifita wuta. "Can ƙetaren ai rana ce."

"A Turai ba a zama!"

"Su da ba su da rana, me za su zauna su yi?"

Masu son ƙetarewa kuwa suka ci gaba da gangarawa kwazazzabo kamar yadda suka saba, sai dai yanzu idan sun zo ƙarƙashi sukan ɗaga kai su gaida na sama ta tsakanin katako. Malam ya yi ta zarya daga wannan baki zuwa wancan yana kora. Ya tashi na kudu, na arewa su matso. Ya koma arewa, ya tarar an fara dara.

Ana cikin haka Modibbo ya biyo ta wurin. Dattijo ne mai ilimi, fari siriri, ba ya rabuwa da buzu da buta, kuma duk Limawa ba mai ɗaga masa murya. Azahar ta riske shi a bakin gadar. Ya dubi tsawonta, ya dubi rana, ya ga ai daga kudu ta miƙe zuwa arewa, sahu ɗaya zai zauna daram yana kallon gabas. Ya ce, "Ikon Allah." Ya shimfiɗa buzu, aka tada iƙama.

Da aka sallame ya kama hannun Malam Nata'ala da hannu biyu. "Malam, Allah ya saka da alheri. Mutane suna ta cewa gada, gada, ashe ɗakin Allah ka gina mana a ɓoye. Irin wannan sadaka ita ake so."

Malam ya buɗe baki. Me zai ce? Ya ce ba ya son ladan? A gaban sahu guda?

"Amin, Allah gafarta Malam," in ji shi da wata 'yar murya.

"Sai dai hotunan nan," in ji Modibbo. "Ba a salla mutum na kallon mutane da cokali. A juya su."

Aka juya Malam ya fuskanci kwano. Daga ranar takalma suka fara taruwa a bakin gada ta kowane ɓangare. Butoci suka yi layi, ruwan alwala na bin ƙafafun gadar yana jiƙa ƙasar da aka kafa su. Mata suka daina ko matsowa. Shi kansa mai gadar ya taho da sauri wata rana zai shiga, mutum goma suka daka masa tsawa, "Malam, takalmi!"

A gida kuwa Iyatu ta daina yi masa maganar. Wannan ya fi tsoratar da shi. Sai dai kullum da safe ta ɗauki tsintsiya ta shiga sabon ɗakin, ta share, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta fito ta wuce shi kamar turmi.

Amma Malam bai karaya ba, don ya ƙulla wata dabarar. Ranar da Mashkura za ta iso ita ce ranar buɗe gada. Motarsu za ta tsaya a ƙetare, ta tako da jaririnta ta cikin gadar, ta faɗa da bakinta a gaban manyan baƙi cewa da wannan da ta Turai ba bambanci. Daga nan sai kwangila. Ya roƙi Modibbo aron wurin daga la'asar zuwa magariba. Ya ɗauko lasifika da makaɗan kalangu, ya aika wa duk wani mai babbar riga da ya sani.

Ranar ta zo. Manyan baƙi ba su zo ba, mai unguwa ne kaɗai ya aiko ƙaninsa. Amma jama'a kam, tabɗi! Har daga Yalwawa aka yi ta tururuwa, don labari ya bazu cewa za a ga jaririn Turai. Aka fitar da kowa daga gadar da ƙyar, aka ɗaura zare a bakinta. Malam ya sha babbar riga mai aiki, ya karɓi lasifika.

"Jama'ar Limawa! Lokacin da na tsaya a tsakiyar Turai, na ce da kaina, Nata'ala, mutanenka fa?"

Ba wanda ke kallonsa. Kowa gabas yake kallo, inda hadari ya taso baƙi ƙirin daga bayan duwatsu.

"Malam, a taƙaita," in ji ƙanin mai unguwa.

"Yanzu na fara. Katakon da kuke gani..."

Sai ga mota ta tsaya a ƙetare. Mashkura ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa, mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya ɗauka. A daidai nan iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan lasifika, ɗas! Na biyu bai jira ba. Sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mashkura ta koma mota ta ja ƙofa.

Filin nan kaf rufi ɗaya ne, kuma kowa ya san inda yake.

Wayyo, zare! Ba a ma san wanda ya tsinke shi ba. Maza, mata, yara, makaɗa da kalangunsu, 'yan acaɓa da baburansu, wanzami da kujerarsa, awakin da suka ci furanni, duk suka ɗure a ciki. Masu tsoron Allah suna gudu suna cire takalmi. Aka ɗauko Modibbo cak aka sa shi a tsakiya. Taron ya kwashi Malam Nata'ala da lasifikarsa ya shige da shi, yana ihu, "Ɗaya bayan ɗaya! Layi ake bi! Layi!"

Gada ta ce ƙiiiƙ.

Yahuza Injiniya, wanda ke bakin gadar, ya zare fensir daga kunne ya sa a aljihu, ya taka waje cikin ruwa a hankali kamar an aike shi.

"Kada kowa ya tsorata!" in ji Malam ta lasifika. "Ta can ma haka take kuka. Alamar ƙarfi ce!"

Sai ga ruwan duwatsu ya gangaro kwazazzabo, ja wur, da kumfa da ledoji. Ya sami ƙafafun da ruwan alwala ya riga ya lallasa musu ƙasa, ya ɗan taɓa su. Gada ba ta faɗi ba, a'a, durƙusawa ta yi kamar raƙumi, gaba tukuna, sannan baya, ta sauke jama'ar Limawa cikin taɓo har ƙugu. Salati ya tashi, awaki na kuka, wani na kiran uwarsa, Modibbo ya ɗaga butarsa sama kamar ita ce abin ceto. Da aka lalluba aka ga ba wanda ya karye, sai wata mata ta fara dariya, ta kasa tsayawa. Shi ke nan, kwazazzabo ya kaure da dariya. Kamilu na riƙe da ciki yana cewa, "Malam, na taka! Wallahi na taka!"

Ruwa bai tsaya ba. Wani ya ga fallen kwano ya ɓalle, ya ɗora a ka ya ruga gida. Na kusa da shi ya gani. Kafin Malam ya zaro ƙafarsa daga taɓo, rufin ɗakin Mashkura ya watsu cikin lungunan Limawa, kowane falle da ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa.

Ya rarrafo ya haura ƙetare, hula ta tafi, riga ta zama ta ƙasa. Mashkura ta sauke gilashi, hawayen dariya na zuba.

"Baba, sannu! Ba ka ji ciwo ba?"

"Faɗa musu, Mashkura. Ba haka take ba?"

"Kafin ta zauna ta ɗan yi kama, Baba." Ta goge ido. "Mu je gida, yaron nan ya sha hanya. Ni ɗokin ganin ɗakina nake yi."

Nan kunya ta rufe Malam Nata'ala tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba.

A gida suka tarar Iyatu ta gama shirinta tun rana. Ta rungume 'yarta, ta karɓi jika, ta yi da su turakar Malam, wadda aka share aka sa wa sabon labule. Katifarsa da akwatinsa kuwa suna sabon ɗaki, an lulluɓe su da leda.

"Ni fa?" in ji shi.

"Al'umma ta ba ka masauki," in ji Iyatu, ta saki labule.

Gari na wayewa, bayan ya kwana a takure a zaure, ya fito da niyyar bin gida-gida roƙon kwanonsa. Sai ya hangi abin mamaki a bakin kwazazzabo. Ga kwanon nan an tara, an jera, an miƙe waɗanda suka lanƙwashe, ga katakon da aka tsamo an kife a gefe. Ashe Modibbo ne ya yi sanarwa bayan sallar asuba, cewa duk wanda ya tafi da falle ya dawo da shi. Ko ɗaya bai ɓata ba. Malam ya ji kamar ya yi rawa. Ya ruga ya aro amalanke, ya turo ta da kansa, har ya fara tsara yadda zai ce wa Iyatu dama ya san haka za a yi.

Modibbo ya tarye shi da fara'a, jama'a na bayansa. "Kun gani ko? Na ce muku shi zai riga kowa zuwa. Malam Nata'ala, kayan masallaci sun dawo cif, don ba mai iya kwana da kayan Allah a gidansa. Mun sami fili can kan tudu, inda ruwa ba ya zuwa. Har da amalanke ka taho! Allah ya gina maka gida a Aljanna."

"Amin!" in ji jama'a.

Malam ya dubi kwanon, ya dubi Modibbo. "Allah gafarta Malam, dama... akwai wani ɗaki..."

"Na'am?"

Duk idanu suka dawo kansa. Ya gyara riƙon amalanke.

"Na ce ta wace hanya za a bi?"

Aka loda masa. Hanyar tudu kuwa ta ƙofar gidansa ta bi. Yana turawa, jama'a na biye suna zuba masa addu'a, sai ga Iyatu tsaye a bakin zaure da jikanta a hannu. Ta dubi amalanken, ta dubi mai turawa, ta ɗaga hannun jaririn tana kaɗawa.

"Yi wa rufinka sallama," in ji ta. "Kakanka zai kai shi Aljanna."